Ruwan Baba a Cikin Firiza

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe a ofishin kago na Alhaji Tsoho ina cewa a nuna mini jakin da ya ja aka tsare mana kwantena ba. Amma kafin in kai can, bari in gyara wata magana. Duk Hausawan unguwar Malaz ta Riyad sun ɗauka kasuwancin Zamzam na so in fara, har yau akwai masu ce mini "Hajiya mai jarka" in na ba da baya. Ƙarya ne. Ko cokali ɗaya ban yi niyyar sayarwa ba.

Mahaifina direba ne a unguwar Ulaya, ya daɗe yana jan wani Balarabe, ni kuma aure ya kawo ni Riyad na same shi. A Umararsa ta ƙarshe ya tsaya da kansa ya cika jarkoki uku, ya ce na Iya ne, mahaifiyarsa da ke Gumel, wadda ba ta taɓa taka ƙasar nan ba, ga ƙafa ta riga ta ƙi. Ya ce in hutunsa ya zo zai san yadda zai yi. Hutun bai same shi ba. Zuciyarsa ta buga yana bakin aiki, aka binne shi a nan, Iya ko makara ba ta gani ba. Da na kira ta ina kuka, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Cewa ta yi, "Ruwan da Auwalu ya ɗebo mini fa?"

Sai na tattara kayan Baba, har da firizar da ya saya wa Iya, muka kai wa Alhaji Tsoho. Shi ne mai haɗa kayan mutanenmu a kwantena ɗaya ya miƙa wa wani babban kamfanin jiragen ruwa da gwamnati ke ba tallafi, shi ya sa nasa ya fi araha. Dattijo ne mai dogon bayani, ni kuwa Allah bai ba ni haƙurin sauraro ba.

"'Yata, ban da magani, ban da batir, ban da Zamzam. Musamman Zamzam, an hana fitar da shi a kago. Kamfanin nan tallafin gwamnati yake ci, ido na kansa. In aka kama abu, a ci su tara, ana ma iya janye tallafin, su kuma a kaina za su huce."

Na ce, "Haba Alhaji, na yi maka kama da mai garuwa?"

Ya yi dariya, maigidana ma ya yi, don shi ma bai sani ba. Alhali jarkokin suna kwance a cikin firiza, na naɗe su da farar jallabiyar da Baba ke zuwa Juma'a da ita, na zagaye murfin da salatif kamar mai ɗaurin karaya. A tunanina dokar ta 'yan kasuwa ce, ba ta tsohuwar da ɗanta ya rasu ba. Kuma da yake ban yarda da kowa ba (wannan ciwon tun ina sakandare nake da shi), na ɗauki alƙalamin maka na rubuta a jikin firizar da manyan baƙaƙe: NA IYA, GUMEL. DAGA 'YAR AUWALU DIREBA. KADA WANDA YA TAƁA.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Duk Juma'a Iya sai ta tambaya, in ce yana hanya. Can sai labari ya zo cewa kwantena ko jirgi ba ta hau ba, an tsare ta a tashar Jidda. Alhaji ya kira duk masu kaya. Ofishin ya cika, maza a tsaye, mata a kan benci. Kusa da ni Maman Rabi ce, mai sayar da tuwo, wadda kayan ɗakin 'yarta gaba ɗaya suke ciki, ga shi an riga an sa rana. Hawaye kawai take sharewa.

Alhaji ya fara, wai an samu abin da doka ta hana a kayan mutum ɗaya. Ban bar shi ya ƙarasa ba. Wallahi ko sau ɗaya ban kawo kaina ba, ni a zuciyata ƙwaya wani ya ɓoye.

"Wane mara tsoron Allah ne? Ga kayan marayu, ga kayan amarya, wani jaki ya zo ya cuce mu! A faɗi sunansa!"

Maigidana ya matso yana cewa, "Ke, ya isa." Alhaji bai ɗago ba, ya ce, "'Yata, zauna. Ni da ke za mu yi magana daga baya."

Mai hankali a nan zai gane. Ni ƙara murya na yi.

"Babu wani daga baya! Rufa-rufar nan ce ke kashe mu. Ko ɗanka ne a nuna mana shi!"

Wasu maza har da "Gaskiya ne, Hajiya!" Alhaji ya kalle ni, sannan ya miƙo mini wayarsa, ni kaɗai. Hoton firiza ne a buɗe, ƙasan duk ya jiƙe, ga jallabiyar Baba a yashe a gefe, ga rubutuna ɓaro-ɓaro. Wayar ta zame daga hannuna ta faɗa cinyar Maman Rabi. Ita kuwa baiwar Allah, da ƙaramin bokonta, ta shiga haɗa baƙi a fili: "Daga... 'yar... Auwalu... Direba."

Na sha jin mata na cewa niƙabi rufin asiri ne. Ranar bai rufe komai ba, don ba fuskata aka sani ba, muryata aka sani. Wani daga baya ya ce, "To, an nuna mana shi." Babu wanda ya yi dariya, kuma da ma sun yi da ya fi mini sauƙi.

Ashe zafi ne ya fasa jarka ɗaya, ruwa ya biyo ƙasan firiza, jami'an kwastan suka buɗe. Sauran biyun suka ƙwace. Aka ci kamfanin tara, kamfanin ya daina karɓar kayan Alhaji har tsawon watanni, aka kai Rabi ɗakinta da gadon aro. A ranar taron, da kowa ya watse, na tsaya in ba Alhaji haƙuri. Shi ya riga ni magana.

"Auwalu abokina ne, ni na shiga kabarinsa. Da kin ce mini nasa ne, da na nemi alhazai uku masu komawa gida, kowa ya riƙe ɗaya a jirgin sama. Yau da Iya ta daɗe da sha."

Wannan maganar ita ce tarar da aka ci ni, kuma ban gama biya ba. Darasin bai da tsawo: in dattijo ya ce ki zauna za ku yi magana daga baya, ki zauna, wataƙila ke ce maganar.

Makon jiya kayan suka isa Gumel. Ƙanena da ke can ya ce jallabiyar na cikin firiza, ta bushe ƙamas, duk shatin ruwa a jikinta, wai ko ya kai wa mai wanki. Na daka masa tsawa na ce ko hannu kada ya sa.

Jibi Juma'a. Da safe zan je wurin Maman Rabi, in ɗage niƙabi in gaishe ta, ta faɗa mini duk abin da ta ga dama. In an sauko masallaci zan kira Iya, kuma ba zan sake cewa yana hanya ba. Zan ce, "Iya, ruwan bai iso ba, ni na ɓatar da shi. Abin da ya rage yana jikin farar rigar Baba. Ki ajiye ta kusa da ke, kada ki bari a wanke."