Tsamiyar Bakin Tafki

Ranar Laraba aka yanke shawarar kayar da tsamiyar bakin tafki. Ba a yi gardama ba.

A ƙaramar hukumar Fadama, Kura ce shugaba, Bunsuru ne kansilan muhalli, Angulu kuma duba-gari. Kowace shekara suna bikin dashen itace, kuma da bazara suke yi, don shugaba ba ta son ruwan sama ya taɓa baƙinta. A dasa, a tafa, a watse. Kafin Juma'a 'ya'yan kansila sun cinye ganyen. Shekara tara ke nan a rami ɗaya ake dasawa.

Bana manyan baƙi za su zo daga babban daji, filin kuma bai isa a kafa rumfa ba. Bunsuru ya miƙe, ya shafa gemu, ya yi dogon jawabi a kan makomar jikoki. Ya ce tsamiyar ta tsufa, tana zubar da ganye tana ɓata tsabtar gari. Idan aka kawar da ita, za a sami wurin kujeru da na sabon tsiro. Gara ta ce a bar mata aikin, mako guda ya ishe ta.

Baba Nomau, tsohon kunkuru, yana can bayan taro. A gindin tsamiyar ya binne matarsa Tabawa, damina biyu da suka wuce. Ya kuma san saiwar itacen ce ke riƙe da gaɓar tafkin.

Dokar majalisa ita ce babu mai magana sai ya hau dutsen da ke gaban shugaba. Zomo ne ya kawo dokar. Baba Nomau ya kama hanyar dutsen tun Bunsuru na cikin gaisuwa.

Angulu ta tare shi. "Baba, ina za ka cikin ranar nan? Zauna, an riga an faɗi ra'ayin tsofaffi."

"Wa ya faɗa?"

"Kwamiti."

Ya ci gaba da tafiya. Ya ji an tambayi masu goyon baya, ya ji kofatai sun daki ƙasa. Da ya isa gindin dutsen an shafa fatiha, ana naɗe tabarmi. Kura ta tsaya ta gaishe shi da ladabi, ta ce lallai ya zo bikin, an tanadar masa wuri a sahun gaba.

Gara ta cika alkawari. Aka yi biki. Wurin da aka ba shi a sahun gaba daidai kan kabarin yake, ya zauna har aka tashi. Ruwan farko ya zo, gaɓa ta zube, yashi ya cinye rabin tafkin. Majalisa ta naɗa Bunsuru ya binciki dalili.

Har yanzu duk Laraba Baba Nomau yakan kama hanyar dutsen, yakan kuma isa bayan an tashi. Ba maganar gaɓa yake so ya yi ba, wannan kowa ya gani. Abin da ya so faɗa tun farko gajere ne: Tabawa ba ta son zafin rana.