Ƙusa da Jitar Majami'a

Har zuwa wata Alhamis a shekarar da naira ta fito, ni mutum ne mai mutunci a Kafanchan: malamin firamare, ga sabon keke.

Jita ɗaya tak mawaƙan majami'armu ke da ita. Ɗan katakon da ake ɗaure tsirkiya a jikinsa ya tsage. Kafinta ya sassaƙa sabo ya manna, amma ya ce ba shi da siririn abin da zai huda ramuka shida na tsirkiyoyin. Ga taron mawaƙa ranar Lahadi.

Na ce, "Huda ce matsala? Tun ina yaro nake huda ƙwarya."

Shugaban mawaƙa, Baba Yohanna, ya ce, "Ticha, jita ba ƙwarya ba ne fa."

Na ce ya bar wa masu ilimi. Na sa ƙusa a gawayi har ta yi ja, na auna da rula don a san an yi makaranta. Ashe ta gefe ake hudawa. Ni kuwa daga sama na danna, da iya ƙarfina. Ƙusa ta wuce katakon ta faɗa cikin jitar, sai ga hayaƙi ta babban ramin tsakiya.

Baba Yohanna ya leƙa, ya shinshina, ya ce, "Ya nuna, ko a ƙara wuta?"

Ranar Lahadi da tafi muka yi waƙa.

Yanzu har jikoki gare ni. Amma duk Kirsimeti in za a babbake akuya, sai wani ya ɗaga murya: "A kira Ticha mana, ko jita ya babbake!"