Rasuwar 'Yar Rana, Mai Tace Ruwan Ƙofar Dundaye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki ɗaci, ni Hajiya Wasila mai kunun zaƙi, a madadin matan layinmu na Ƙofar Dundaye, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urarmu ta tace ruwa, wadda yara suka raɗa wa suna 'Yar Rana. Ta cika ne a ƙofar gidana, a cikin inuwa, bayan jinyar da wani ya ɗora mata.

Marigayiyar ba ta da kyan gani. Kwatarniya ce ta ƙarfe mai murfin gilashi, a cikinta akwai farantai da aka shafe da wani farin gari mai laushin da ido ba ya ganin ƙwayarsa. Nano suke ce masa. Shamsiyya ɗiyar ƙanena, mai karatun haɗa sinadarai a jami'a, ita ta ƙera ta, bayan ta ga yadda ruwan marina ya zurara cikin rijiyarmu har guga yana fitowa shuɗi. Ta ce mini, "Gwaggo, ba ta son mai, ba ta son lantarki. Rana kawai za ki bar mata." In rana ta doki garin nan sai ya farka, ya cinye rini da ƙwayoyin cuta. A zuba da hantsi, la'asar ta yi ruwa ya fito garau.

Ba ta taɓa yi wa kowa tsawa ba. Iyakar maganarta ɗis, ɗis, ɗis a bakin famfo, in kuma ta ƙoshi da ruwa ta ce ƙul-ƙul. A zamaninta gudawar yara ta yi sauƙi a layinmu, masu shan kununa suka daina shinshina kofi kafin su kai baki.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da Tambari, shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa, wanda bai taɓa jan guga a rijiyar nan ba, ya ji labarin wasu manyan baƙi za su zo ganinta. Ya iso da babbar riga yana ƙamshin turare, ya zagaya ta, ya girgiza kai.

"Hajiya, wagga aba ta mutunci ta. Baƙi su taho su ishe ta cikin rana kamar marainiya?"

Na ce masa ranar ce abincinta. Ya yi mini murmushin da ake yi wa tsohuwa mai ruɗewa. Na tafi biki unguwar Minanata, na dawo na tarar ya sa an kafa mata rumfar kwano, an shafe gilashin da koren fenti, an rubuta sunansa a kai da manyan baƙaƙe. Farantan kuwa, da ya leƙa ya ga farin garin, ya ce datti ne. Ya sa aka kankare shi da soson ƙarfe har suna ƙyalli.

Baƙi suka zo, suka tafa, aka ɗauki hoto. Tambari ya yi jawabi mai tsawo kan kimiyya, yana shan ruwan roba.

Ita kuwa baiwar Allah ta ci gaba da ɗis, ɗis, saboda ba ta iya ƙin aiki ba, sai dai yadda ruwa ya shiga haka yake fita. Kafin mu ankara, jikata Bara'atu ta sha. Mun kwana asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, idanunta sun faɗa, uwarta na kuka. Allah ya tashi kafaɗunta. Shamsiyya ta zo ta buɗe murfi, ta shafa farantan da yatsa. Daga baya ta ce garin nan sai an sake haɗa shi a ɗakin gwaji, kuma ba ta san ranar da za a sake ba ta kayan ba.

Da aka gaya wa Tambari, cewa ya yi dama aikin ɗalibai ba ya ƙarko.

Marigayiyar ta bar jarkoki da tuluna masu yawa, duk wayam, da rijiya ɗaya mai shuɗin ciki, da matan layi waɗanda suka koma bin 'yan garuwa. Ta kuma bar rumfa, wadda ke cikin ƙoshin lafiya.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da hantsi a kan baro, a bi da ita ta ƙofar gidan Tambari a hankali, sannan a miƙa ta ga masu sayen ƙarafa. Za a zauna karɓar gaisuwa a zaurena har la'asar. Muna roƙon masu zuwa su yi mana haƙuri, ba za a ba kowa ruwan sha ba, ban da shugaban ƙungiya. Shi an cika masa babban kofi daga abin da ta bari na ƙarshe, kuma ni da kaina zan tsaya a kansa har ya shanye.