Ƙofa Uku da Sanda Ɗaya

Duk ƙauyenmu, kai har ka dangana da birnin Sumenep, babu wanda ya san duniya kamar Pak Busairi. Shekara biyu ya yi a Kuala Lumpur yana gadin wani kantin kayan ɗaki, kuma wanda ya zauna da mai turare ba ya rasa ƙamshi. Tun da ya dawo, tef ɗin awo bai bar ƙugunsa ba. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa ta'aziyya. Mutane suka sa masa Injiniya, shi kuma yana amsawa, saboda tawali'u.

Da auren ɗansa Hosnan ya taso, kowa ya san aikinsa. Haji Mattali, uban amarya, ya gina wa 'yarsa gida a filin gidansu. Ango ne zai cika shi. Gado, kujeru, sif, duk a ɗora a buɗaɗɗiyar mota ranar biki a zaga gari, sif a kan gaba. Angon da ya zo ba sif kuwa, gara ya zo ba wando.

Kakar tabar Pak Busairi ba ta yi kyau ba bana, aljihu ya yi sanyi. Amma babban mutum ba ya rasa kuɗi, sai dai ya sauya tsari.

"Wannan ɗaukar sif a mota ƙauyanci ne," in ji shi a rumfar mai kofi. "A ƙasashen da suka waye, a jikin bango ake yin sa. Bango ya zama baya, rufi ya zama sama, daɓe ya zama ƙasa. Me ya rage? Ƙofa. Ku kuna sayen katako shida, ni ina sayen ɗaya. Bambancin ilimi ke nan."

Matarsa Bu Marhamah ta ce, "Pak, ga sif ɗina na katakon jati mai ƙarko da ka kawo min ranar aurenmu. A goge shi a ba yaron mana."

"Wannan makarar? Bu, ki tsaya a kan girki."

Ta tsaya a kan girki.

Ya nemi izinin Haji Mattali, ya auna ɗakin amarya da kansa, ya auna tsakar gida ma don kada ilimi ya yi kwantai. Kafinta ya kafa ƙofofi uku farare masu ƙyalli, da sandar rataye kaya a ciki. Gaskiya ya yi kyau. Matan unguwa suka riƙa leƙawa suna cewa, "Kai, Haji Mattali ya iya gini! Har da sif a bango."

Ranar biki motoci suka taho da kiɗa. Pak Busairi na gaba cikin kwat, rana na dukan sa, yana ɗaga wa jama'a hannu. A bakin ƙofa Nyai Buni, kakar amarya, tana zaune tana tauna goronta na ganye. Ta duba gado, ta duba kujeru, ta sake dubawa.

"Busairi, ina sif?"

"Nyai, ai yana ciki. Tsarin zamani ne, wanda a Kuala..."

"Na ciki na ɗana ne. Abin da ke jikin bango na mai bango ne. Jikata ba bazawara ba ce da za a kawo mata miji da kayansa a leda. Ango ya tsaya a nan."

Hosnan ya tsaya, furannin wuyansa na yaushi. Masu kiɗa suka yi shiru don su ji da kyau.

Nan Pak Busairi ya nuna jarumta. "A ciro sif ɗina a ɗora a mota, kowa ya gani!"

Aka ciro. Ƙofa uku da sanda ɗaya. Aka jingina su a bayan mota, jama'a suka zagaya ta baya don su ga sauran, suka tarar da direba yana shan taba.

"To, madalla," in ji Nyai Buni. "Ƙofa ta iso. Sif ɗin yana hanya ke nan?"

Yana hanya kuwa. Tun da safe Bu Marhamah ta kwashe kayan ciki ta goge makarar, ta ce wa ƙannenta su jira da sif ɗin a mota a kwanar masallaci. Sai ga su sun iso. Maza shida suka sauke shi suna nishi. Nyai Buni ta ƙwanƙwasa gefensa, ta ƙwanƙwasa bayansa, ta ce ango ya shigo.

Yanzu duk wanda ya je gidan Injiniya zai ga kwat ɗinsa da zannuwansa rataye a sanda, tsakanin ƙusa biyu, ƙura na sauka a kansu cikin natsuwa. Ya ce a Kuala Lumpur an daina yayin ƙofa.