Direban Bara'atu da Ƙullutun Malam Idi

"Lahiya lau, amarya. Ya gajiyar tuƙi?"

Haka Malam Idi ya amsa gaisuwar jikarsa Bara'atu, yana kishingiɗe a kan buzu a zaurensa na Dingyadi. Ta ajiye jaka ta zauna a bakin tabarma. Rabon da ta ji muryarsa a sake haka tun kafin ƙullutu ya fito masa a wuya, farkon damina.

Ƙaramin asibitin garin ya ɗauki hoton ƙullutun, amma likitan da zai duba yana Sakkwato, tsohon kuwa ya kafe ba zai bar gero a gona ya je birni ya bi layi ba. Asibitin na da modem, ɗan akwatin nan mai jawo intanet, sai dai ba sa jituwa da tsohuwar kwamfutarsu. Da sabis ya yi rauni sai ta sandare. Bara'atu tana rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani a Sakkwato, don haka ta roƙa aka ba ta aikin rubuta sabon direba, wato manhajar da ke shiga tsakanin kwamfuta da na'ura har su fahimci juna. Da safiyar ranar aka gwada. Hoto ya tafi, likita ya fito a fuskar kwamfuta, ya sa nas ta juya wuyan tsohon ta mammatsa, ya ce kitse ne kawai. Bara'atu ta zagaya bayan asibiti ta yi kukanta, ta wanke fuska, sannan da la'asar ta zo gaishe shi.

"Tuƙin mi kuma, tsoho?" in ji ta.

"Ba direba anka ce kin zama ba? Na gama yi ma mutanen gari alfahari, sai ga ki bisa kabu-kabu kamar kowa."

"Ni ba direba ba ce. Ƙera shi nike."

"To, shi shigo mu gaisa. Ko kin ɓoye shi don kin san ni da kishi?"

"Yana cikin kwamfuta."

"Cikin wanga ɗan faranti? Lalle ya hi ni rama."

Ta gyara zama ta yi masa bayani. Tsohon direban, wanda ya zo tare da akwatin modem ɗin, da hanya ta yanke sai ya watsar da kaya ya tsaya cak, har kwamfutar ta rikice. Nata kuwa riƙe saƙon yake, ya jira, in sabis ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wurin koya masa jiran nan ne ta sha wuya, don sai da ta rubuta ta goge har idanunta suka yi ja. Malam Idi ya saurara yana gyaɗa kai kamar mai bin karatu.

"Ashe jakina kinka kwaikwaya," ya ce. "Shi ma in ya iske rafi ya cika, togewa yake har ruwa shi janye. Ki biya ta garke ki gaida malaminki."

"Zan gaishe shi. Shi dai bai taɓa cire hula ya durƙusa ma kwamfuta ba."

"Wa ya durƙusa?"

"Wanda ya ce ma gilashi, 'Ranka shi daɗe, ya mutanen gida?'"

"Ladabi ne, abin da ba a koya muku ba a boko."

"Ladabin ne ya sa ka tambayi nas a asirce ko mutumin na hango giɓinka?"

"Giɓin ga ya ja 'yan mata tun ba a haifi ubanki ba."

"Ya kore su dai. Kaka ce kawai ta tsaya, don tausayi." Ta nuna wuyansa. "Wai kitse! Ka ɗaga ma zuri'a hankali, ashe naman layya ka ɓoye don kar a ci da kai."

"Tanadi ne. Na san ranar da kinka tare gidan ga yunwa za ta kashe ni. Mace ba ta iya dama hura ba, sai latse-latse."

"Latse-latsen ne ya kawo maka likita har gida."

Ya shafa ƙullutun, ya dubi ƙofar zaure ya tabbatar babu mai zuwa. Sannan ya rage murya ya gaya mata abin da ko kakarta ba ta sani ba: ranar kasuwar Bodinga da ta wuce, ya je da kansa ya yanko farin yadi, ya naɗe ya ajiye a ƙasan adakarsa, don kada a wahalar da kowa idan lokaci ya yi.

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen tabarma.

"To, ga yadi ya rasa aiki," ya ce. "Gobe tela zan kai ma, shi yi mini babbar riga ta angwanci."

Ta share ido da bakin mayafi. "Ka sa a yi mata aiki mai kyau a wuya, ya rufe kitsen. Ka sa ta ka zo neman aurena, in ƙi ka gaban mutane."

Dariya ta ƙwace wa tsohon har da tari, yana dukan buzu da tafin hannu.

"Kin kada ni yau, 'yar nema. Shiga garke, akwai 'yar tunkiya mai baƙin kunne, ki kwance ta taki ce. Amma ki yi sauri, kafin wayona shi dawo."

Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.