Tarwada a Kwanonin Jere

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe gidan kiwon kifina ba. Wani Bakano mai shago a Zango ne ya zuga ni, wai tarwada arziki ce, sai dai mutum ya yi ta ɗiba. Ko gida ban kai ba na biya wajen magini.

Cikin sati biyu an gina tafkin siminti a tsakar gida, na shafe shi da shuɗin fenti, har allo na kafa. Matata Hadiza ta tambaye ni sau uku, ruwan fa? Na ce mata poroje, wato babban aiki irin wannan, ba harkar girki ba ce, ga pampo nan a gabanta. (Allah ya yafe mini wannan baki.)

Ni fa burina ɗaya, surukina ya daina kallona a matsayin ɗan buro da bai iya komai ba sai buga hatimi. Don haka ranar da 'ya'yan kifin suka iso daga Kano cikin bido, wato jarka, na gayyato shi da abokansa su sa albarka. Na sha babbar riga, na yi jawabi, na ɗaga tiyo sama, na murɗa pampo.

Fuuu! Iska. Na sake murɗawa, har da ɗan duka. Ko ɗigo.

Ashe pampon unguwarmu sai ya yi kwana biyar bai kawo ba. A Damagaram aka haife ni fa! Amma tunda kullum randa cike nake samunta, ban taɓa tambayar wa ke tarar ruwan ba.

Kifi suka fara tasowa saman bidon suna haki. Hadiza ta kwaso kwanonin jerenta ta zuba kifin a ciki tana raba musu ruwan randa, dariya na neman kayar da ita. Ni ko gumi har cikin takalmi.

Surukina ya tashi a natse, ya juye ruwan butarsa cikin tafkin, ya ce, "Ga gudummawata, Malam. Saura a nemo kogin."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Kwana uku muna kwana da tarwada a ɗaka kafin ruwa ya zo, rabinsu kuma a miya suka ƙare.

Yanzu ko ƙusa zan buga sai na zauna da takarda na tsara. Layin farko kullum ɗaya ne: me Hadiza ta tambaya?