Rasuwar Rufin Gidan Mama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Auta, a madadin wansa da sauran dangi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Rufin Kwanon gidansu, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Asabar da la'asar, a gaban kafinta, bayan doguwar jinya da aka yi ta ɓoyewa.

Marigayin ya girmi mai wannan sanarwa. Mahaifinsu ne ya buga shi da hannunsa kafin ya riga mu gidan gaskiya, kuma tun daga ranar bai taɓa neman hutu ba. Ya sha rana bai yi ƙorafi ba, ya sha ruwa bai kai ƙara ba. In rana ta take sai a ji shi yana miƙa, ƙas, ƙas. In aka fara yayyafi ya kama tafi. In ruwa ya kece kuwa, ko rigima ake a falo dole a tsaya, don ba mai jin wani. Sulhun da ya yi a gidan nan ba ya ƙirguwa.

Ciwon ajalin ya fara ne da ɗigo ɗaya a kusurwar kicin. Auta, wanda shi kaɗai ya rage a gidan tare da Mama, shi ya yi jinya. Ya shafa kwalta, ya cusa tsumma, ya danne da tsohuwar taya, ya haddace inda kowane bokiti ke zama. Amma Yaya, babban wansu, ya gaji da aiko kuɗin faci. Ya ce zai kawo kafinta ya yi ƙiyasi. In faci ne, zai biya na ƙarshe. In sabon rufi ne, to a sayar da gida ga wani mai son filin, Mama ta koma wurinsa can saman bene, ita da gwiwarta ba ta hawa ko dakali. Ba a gaya mata wannan sharaɗi ba.

Auta bai zauna ba. Ya ɓoye bokitai a bayan gida, ya shafe tabon silin da farin fenti, ya ja gadon Mama ya rufe inda ruwa ya cinye daɓe. Ya yi wa mara lafiya kwalliya, shi ke nan.

Da farko abin ya so ya yi kyau. Kafinta ya ɗaga kai a falo, ya ga silin fari tas, ya ce ai wannan kwano kaɗan ne da ƙusa. Auta ya saki numfashi. Sai Yaya ya shinshina iska, ya ji warin sabon fenti, ya dube shi, ya ce wa kafinta, "Malam, ba a ƙiyasi daga ƙasa. Hau ka gani."

Aka jingina tsani. Auta ya tsaya a tsakar gida yana bin ƙafar mutumin da ido. Marigayin ya daure a saman kicin. Ya daure a saman falo, da ɗan nishi, ƙiii, wanda Auta ya rufe da tari. Kafinta yana tafe yana ƙwanƙwasawa yana gyaɗa kai, har ya ɗaga murya ya ce har yanzu dai faci ne. Daga nan ya juya ya nufi saman ɗakin Mama.

Auta ya san wurin nan. A nan gara ta cinye katako, ya bar hawa wurin tun bara, kuma a daidai ƙasansa ya ja gadon da safe. Mama tana kai tana barcin rana. Wataƙila kafinta ya tsallake, a rubuta faci, gida ya tsira. Wataƙila kuma ya taka. Mutumin ba ƙaramin jiki gare shi ba, ga shi ya ɗaga ƙafa.

"Kada ka taka nan!"

Kafinta ya sandare da ƙafa a sama. Yaya ya juyo wajen Auta a hankali, ya ce, "Ashe ka sani."

Kafinta ya durƙusa ya ɗaga gefen kwanon, ya taɓa katakon da ƙotar guduma, sai ga shi yana zuba kamar gari. Maganar marigayin ta ƙarshe ke nan, wani ɗan ƙurus da ko Mama bai tayar ba. Da kafinta ya sauko, ya karkaɗe wando ya ce, "Ranka ya daɗe, faci ba shi da inda zai kama. Kwano, katako, silin, duk sabo, ban da kuɗin aiki." Ya faɗi adadi. Ba za a rubuta shi a nan ba saboda masu hawan jini.

Marigayin ya rasu ya bar bango huɗu, da tarin bokitai da suka rasa aikin yi, da ragowar fenti, da Yaya wanda ya buga wa mai sayen fili waya kafin a kwantar da tsani, da Auta wanda ya kashe shi da bakinsa. Auta yana kukan rashin, amma ya ce ko gobe aka sake haka zai yi.

Za a sauke gawar ranar Asabar mai zuwa da safe. Masu sayen tsohon ƙarfe za su kai ta makwancinta, sannan a miƙa wa mai sayen fili makulli. Za a karɓi gaisuwa a tsakar gida, kowa ya zo da lemarsa. Ana roƙon ma'aikata su fara ta kicin, su bar ɗakin Mama ya zama na ƙarshe. Ana kuma roƙon masu zuwa ta'aziyya su kama bakinsu a gabanta, domin ta ɗauka kwano za a canja, kwana kaɗan za ta yi gidan Yaya ta dawo. Ta ce a saka mata shuɗin kwano.